Hoshi Shinichi da Mai Koyon Japananci

Duk wanda ya haddace hiragana da katakana, ya tara kanji ɗari biyar ko dubu, ya kuma gaji da hirar littafin koyo inda kullum wani ke neman hanyar tashar jirgin ƙasa, tambayarsa ɗaya ce: da wane littafin labari zan fara? Masu ji da kansu a harkar adabi sukan tura shi wurin Natsume Soseki da Akutagawa Ryunosuke, tunda ga ayyukansu nan kyauta a Aozora Bunko, rumbun intanet da aka buɗe a 1997. Masu tausayi kuwa sukan ce ya koma littattafan yara. Da ka ambaci Hoshi Shinichi sai na farkon su taɓe baki, wai karatun 'yan sakandare ne, ba salo ba zurfi, wayo ne kawai a layin ƙarshe.

Shawarar farko ba ta da wuyar ƙi. Kokoro na Soseki a 1914 ya fito, Rashomon na Akutagawa a 1915. Japanancin zamaninsu ne, cike da kanjin da ba sa cikin 2,136 da gwamnati ta tsara don amfanin yau da kullum. Mai koyo zai kwana a ƙamus bai wuce shafi biyu ba. Ta biyun ma yaudara ce. Ana rubuta littafin yara ne don wanda ya riga ya iya magana, karatu kaɗai ya rage masa. Babba mai koyo kishiyar haka yake. Labaran Miyazawa Kenji, da duk kyansu, kalmomin kwaikwayon sauti sun yi musu yawa, kuma shafin da hiragana da katakana suka mamaye ya fi ɗaure kai, domin kanji ne ke nuna wa ido inda kalma ta faro.

An haifi Hoshi a Tokyo a 1926, ya rasu a 1997. Mahaifinsa ne ya kafa kamfanin magunguna na Hoshi; ɗan ya gaje shi a cikin bashi, ya rabu da shi, ya kama rubutu. Labarinsa na farko da ya yi suna ya fito a 1957, kuma a 1983 ya cika gajerun labarai 1,001, yawancinsu shafi huɗu zuwa goma. An taɓa sa shi takarar lambar Naoki, bai samu ba, abin da masu suka ke son tunatarwa.

Abin da suke kira rashin salo, shi ne salon. Da gangan Hoshi yake cire sunan gari, da shekara, da adadin kuɗi. Jaruminsa sau da yawa Malam N ne kawai, kamar yadda mai tatsuniya zai ce wani sarki a wani gari ya wuce. Har komawa yakan yi ya gyara tsofaffin labaransa, ya cire kalmar da zamani ya bari a baya. Wanda ya taɓa tsayawa a kan sunan Bajapane, yana ganin kanji biyu da ya sani sarai amma ya kasa sanin yadda ake furta su a matsayin suna, ya san girman wannan rahama.

Sai dai ba wannan ne babban dalilina ba. Mu duba Bokko-chan, labarin 1958. Wani mai mashaya ya ƙera mutum-mutumi a siffar kyakkyawar budurwa, ya tsayar da ita bayan kanta. Abu biyu ta iya: sha, da mayar wa mutum maganarsa. In ka yaba tufafinta, ta yaba su. In ka tambaye ta ko tana son abu, ta ce tana so. Masu shaye-shaye suka ɗauka jan aji ne, suka yi ta saya mata giya. Giyar kuwa ta wani bututu take sauka a ƙafarta, mai gidan ya tara ya sake sayarwa.

Dubi abin da wannan ke yi a kan takarda. Hirar Japananci ba kasafai take faɗin wanda ya yi magana ba, jimlar ma takan zo ba mai aikatawa. Wutsiyar jimla ce ke ɗauke da kaya: ita ke nuna namiji ne ko mace, tambaya ce ko tabbatarwa, gatsali ne ko ladabi. Nan ne littattafan koyo suka fi gazawa, domin kowa a cikinsu da murya ɗaya mai ladabi yake magana. A Bokko-chan kuwa jimla guda kake gani sau biyu a jere, daga bakin mashayi sannan daga bakin mutum-mutumi, gangar jikinta ɗaya, wutsiya kaɗai ta canza. Babu malamin nahawun da zai tsara darasin da ya fi wannan, alhali Hoshi ba darasi yake yi ba. Maimaicin ne ke ba da dariya da farko, shi ne kuma ke kawo ajali: saurayin da ya haukace a kanta, ya ci bashi, mahaifinsa ya hana shi komawa, ya zo daren ƙarshe ya tambaye ta ko ya kashe ta. Ta mayar masa da maganarsa. Ya zuba guba a kofi, ta shanye, ya fita.

Daga nan mai gidan ya ce wa sauran baƙi yau shi zai biya, ya zuba wa kowa har da kansa. Hoshi bai ce kowa ya mutu ba. Ya ce fitila ta daɗe a kunne, rediyo na ta kiɗa, ba wanda ya tafi gida amma ba muryar kowa. Wanda bai riƙe zancen bututun nan ba, labarin ya wuce shi.

A nan nake saɓa wa 'yan tadoku, masu koyar da a yi ta karatu da yawa. Ka'idojinsu sanannu ne: fara da mai sauƙi, bar ƙamus, tsallake abin da ba ka gane ba, in littafi ya gundure ka ka ɗauki wani. Uku na yarda da su. Tsallakewar ce matsala. A dogon littafi irin na Murakami Haruki mutum zai iya yin shafi ɗari cikin hazo yana zaton yana fahimta, ba abin da zai tona masa asiri. Gajeren labari mai juyi a ƙarshe ba ya yarda da wannan. Ko dai tsigar jikinka ta tashi a layin ƙarshe, ko ka koma baya ka nemo jimlar da ka tsallake, komawar kuma shafi biyar ce kawai. Haka labarinsa na ramin da aka yi ta zuba shara da dattin nukiliya a ciki yake: dutsen da wani ya jefa a farkon labari, in ba ka lura da shi ba, faɗowarsa daga sama ba za ta gaya maka komai ba.

Hoshi ma yana da aibinsa. Matan labaransa ba su cika zama mutane ba, kuma bayan talatin ko arba'in za ka fara hango juyin tun daga nesa. Ba ya Aozora Bunko, sai an saya. Tarin labaransa mai suna Bokko-chan, bugun Shincho Bunko na 1971, furigana (ƙananan haruffan da ke nuna furucin kanji) kaɗan ne a cikinsa, don haka wanda kanjinsa bai kai ba gara ya fara da Kimagure Robotto, wanda ya rubuta wa yara, akwai kuma bugunsa mai furigana. In juyin ya daina ba ka mamaki, Konbini Ningen na Murata Sayaka, wanda ya ci lambar Akutagawa a 2016, gajere ne, kuma akwai gaisuwar kanti da ake ta maimaitawa a cikinsa.