Sharhi Kan Yadda Ake Koyar da Tarihin Zaɓen 1951 a Ƙasar Kano

Duk wanda ya duba littattafan tarihi da ake karantar da yaranmu da su zai tarar an jera tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa tamkar matakalar bene: na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, na Lyttelton a 1954, sai 'yancin kai a 1960. Shekarun daidai suke. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba a gaya wa ɗalibi abin da waɗannan sauye-sauye suka zame wa manomin gyaɗa na Gezawa ko Jogana ba.

Mu ɗauki zaɓen 1951. A Jihar Arewa ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji kan taru a ƙauye, a gaban dagaci, su fitar da wakilai a bainar jama'a. Waɗannan su je gunduma, a idon hakimi, su sake zaɓen wasu, har a kai matakin lardi. A can kuma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a birni, amma ko mutum ɗaya nata bai kai Majalisar Kaduna daga Kano ba. To, talakan da dagaci ke yanka wa haraji, kotun alƙali kuma tana hannun En'e, ta yaya zai ɗaga hannu ya saɓa wa masu ƙasa? Littafin da ya kira wannan "zaɓen farko" ya yi shiru, ya faɗi rabin gaskiya ne.

Gibi na biyu shi ne batun ƙasashen waje. Zamanin na yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, don haka kiran ɗan adawa "ɗan gurguzu" ya isa a sa masa ido. A maƙwabciyarmu Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ƙi tsarin Janar de Gaulle a ƙuri'ar raba-gardama ta Satumba 1958, ta sha kaye bayan Faransa ta sa hannu dumu-dumu, aka haramta ta a 1959, wasu 'ya'yanta suka fake a Kano wurin 'yan NEPU. Ba a cika ambaton wannan a aji ba, alhali ita ce shaidar cewa siyasarmu ba a cikin ganuwa kaɗai aka yi ta ba.

Sai dai adalci ya wajaba. Marubutan da ke goyon bayan NEPU su ma sun taƙaita labarin ga birni da Malam Aminu Kano, suka bar mutanen karkara waɗanda suka fi kowa ɗanɗana ɗauri da tara.

Shawarata ga malamai ita ce, idan an zo wannan darasi, a tura ɗalibai wurin dattawan garinsu su tambayi yadda aka yi zaɓen 1959, lokacin da aka jefa ƙuri'ar tarayya a asirce, da na 1964 wanda ya ƙare cikin ƙauracewa da gardama. A kuma tuna masu cewa iyayensu mata ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976. Waɗanda suka ga abin da idonsu kullum raguwa suke yi, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya sa mu dace.