Anime: Na Yara Ne Ko Na Kowa?

A watan Afrilun 1988 gidajen silima a Japan suka saka fina-finai biyu a jere, tikiti ɗaya ya wadatar da mai kallo. Na farko, My Neighbor Totoro na Hayao Miyazaki, labarin 'yan mata biyu ne da suka koma ƙauye da mahaifinsu, suka yi abota da wata halitta ta cikin kurmi. Na biyu, Grave of the Fireflies na Isao Takahata, labarin wani yaro ne, Seita, da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4, waɗanda ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945 ya raba su da mahaifiyarsu, daga baya yunwa ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Gidan zane guda ne ya yi su, wato Studio Ghibli, kuma da hannu aka zana kowannensu. Ɗaya za a iya nuna wa ɗan firamare, ɗayan kuwa dattijo ma sai ya daure kafin ya kai ƙarshensa. Duk mai son sanin ko anime, wato zane mai motsi na Japan, na yara ne kawai, daga nan ya kamata ya fara.

Zaton cewa duk zane mai motsi na yara ne yana da dalili. Abin da ya fara isowa gidajenmu shi ne wanda tashoshin talabijin suka saya don cike lokacin yara. A Najeriya an kalli Voltron, wanda Amurkawa suka gyara daga wani shirin Japan. Gidajen da ke kama tashoshin Larabawa sun san Kyaftin Majid, wanda asalinsa Captain Tsubasa ne, daga baya kuma Pokémon ya zo. Su ma Japanawa suna da shirye-shiryen ƙananan yara masu yawa, irin su Doraemon da Anpanman, waɗanda babu gidan da bai san su ba a ƙasar. Kuskuren da aka yi shi ne an ga sashe ɗaya aka ɗauka shi ne duka.

Tushen anime yana cikin manga, wato littattafan labarai na zane. Osamu Tezuka ne ya buɗe hanyar shirin mako-mako a talabijin da Astro Boy a 1963. Kuɗin da yake da shi kaɗan ne, don haka ya rage yawan zanen da ake yi wa kowace daƙiƙa, ya dogara da tsarin labari da maganganun 'yan wasa. Wannan tsimi ya zama ɗabi'ar sana'ar: tunda motsi ba shi da yawa, dole labari ya yi ƙarfi. Yaran da suka kalli Astro Boy sun girma, masu buga manga kuma ba su yarda su rasa su ba, sai suka bi su da labaran da suka dace da shekarunsu. A 1968 aka fara buga Weekly Shonen Jump domin samari, a shekarar kuma aka fara Big Comic domin magidanta. Har yau haka kasuwar take a rabe: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Akwai kuma na iyali baki ɗaya, kamar Sazae-san, labarin wata matar aure da danginta, wanda ake nunawa kowace Lahadi da yamma tun 1969.

Idan aka leƙa sashen manya, za a tarar da labaran da ƙaramin yaro ba zai ma fahimci inda suka dosa ba. Only Yesterday na Takahata, na 1991, yana bin wata ma'aikaciyar ofis 'yar shekara 27 da ta bar Tokyo ta je ƙauye aikin gona, tana tuna ƙuruciyarta, tana auna ko rayuwar da take yi ita ta zaɓa ko zaɓa mata aka yi. Monster, wanda aka ɗauko daga manga na Naoki Urasawa aka yi shi kashi 74, labarin wani likitan tiyata ne Bajapane a Jamus, da ya bijire wa shugabanninsa ya ceci wani yaro maimakon magajin gari, yaron kuma ya girma ya zama makashi. Tambayar da ke cin likitan ita ce ko rayukan mutane duk daidai suke, kuma ina nauyin wanda ya yi alheri ya haifar da sharri. Perfect Blue na Satoshi Kon, na 1997, ya yi magana a kan yadda shahara da bibiyar masoya a intanet ke ruɗa hankalin mawaƙiya, tun kafin a san Facebook. Ghost in the Shell na Mamoru Oshii, na 1995, ya tambayi abin da ya rage wa mutum idan aka maye gurbin jikinsa da na'ura.

Me ya sa masu irin waɗannan labarai suka zaɓi zane, ga kyamara ga 'yan wasa? Keiji Nakazawa yana da shekara 6 lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya rasa mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu a ranar. Ya zana abin da ya gani a Barefoot Gen, aka mayar da shi fim a 1983. Fatar mutane tana narkewa, gari yana ci da wuta, yaro yana neman abin da zai ba mahaifiyarsa ta ci. Da mutane na gaske aka ɗauka, mai kallo zai kau da kai tun a minti na farko. Zane yana ba ido ɗan sarari, har mutum ya iya tsayawa ya kalli abin da ba ya kalluwa, ya kuma ji zafinsa. Mu ma mun san wannan hikima a tatsuniya: ana ɗora wa Gizo da Kura halin zalunci da haɗama, yara su yi dariya, manyan da ke gefe su san da wa ake.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labaran da ke tsakiya, waɗanda ba su yarda a ba su gida ɗaya ba. Barefoot Gen ɗin nan a mujallar samari, Weekly Shonen Jump, aka fara buga shi a 1973, domin Japanawa ba su ɗauki yaro a matsayin wanda za a ɓoye wa mutuwa da yaƙi ba. Miyazaki ya yi Spirited Away a 2001 da 'yan mata masu shekara 10 a zuciyarsa, amma fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 2002, ya ci Oscar a 2003. Yarinya tana ganin jarumar fim ɗin, Chihiro, tana ƙoƙarin ceto iyayenta da suka zama aladu; babba yana ganin gargaɗi a kan haɗama da yadda aiki ke ƙwace wa mutum har sunansa. One Piece ya fara fita a 1997 kuma bai ƙare ba, don haka waɗanda suka fara karanta shi suna makaranta yanzu su ne iyaye, suna binsa tare da 'ya'yansu. Fim ɗin Demon Slayer: Mugen Train na 2020 ya tara fiye da yen biliyan 40 a Japan, adadin da kuɗin kashewar yara kaɗai ba zai kawo ba.

Sai dai wannan faɗi na anime yana da haɗari ga wanda bai san shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 wata tashar Faransa ta saka Fist of the North Star, shirin da ke cike da faɗa da fashewar kawuna, a cikin shirin yara na Club Dorothée. Iyaye suka yi ca, 'yar siyasa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar abin da ake nuna wa yara, sunan anime ya ɓaci a ƙasar na tsawon shekaru. Laifin na wanda ya ga zane ne ya yanke cewa na yara ne. A Japan da yawa daga cikin sababbin shirye-shirye da tsakar dare ake nuna su, domin manya aka yi su, wasu kuma akwai tsiraici da zubar da jini da ɗabi'un da suka saɓa wa addini da tarbiyyarmu. Ko Demon Slayer da yara ke so, a Japan an shawarci iyaye su sa ido ga 'yan ƙasa da shekara 12, a Amurka kuwa an ba fim ɗin alamar da ke hana ɗan ƙasa da 17 shiga silima ba tare da babba ba. Wayar hannu ba ta san dare ko rana ba, ba ta tambayar shekaru. Uwar da ta miƙa wa ɗanta waya tana cewa "ai katun ne" tana iya miƙa masa abin da ita kanta ba za ta iya kallo ba.

Hukuncina shi ne anime hanya ce ta ba da labari, kamar littafi ko fim, kuma ba a tambayar ko littafi na yara ne sai an ce wane littafi. Kama da wane ba ta wane: Doraemon da Monster duk zane ne, amma babu abin da ya haɗa masu kallonsu. Iyaye da malamai su riƙa neman sunan shirin da yaro ke kallo, su duba shekarun da aka ware masa, su kalli kashi ɗaya ko biyu da kansu, domin gani ya kori ji. Babban da yake raina zane kuwa ya ba Takahata ko Urasawa dama ko da sau ɗaya. Masu shirya fina-finai da marubutanmu su ma akwai darasi gare su: tarihinmu na yaƙe-yaƙe da fari da fatauci yana da labaran da tsadar ɗaukar fim ta hana a ba da su, kuma zane zai iya ɗaukar nauyinsu.