Daren da Kyauta Ya Kashe Ubansa

Duk wanda ya karanta Jiki Magayi, littafin da John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930, ba ya mance wurin da Kyauta ya hallaka mahaifinsa, Malam Shaihu, cikin sata, bai ma san ko wane ne ba. Nan ne ƙololuwar labarin, inda numfashin mai karatu ke tsayawa. Gwanintar kuwa ba a shafin nan aka yi ta ba. Tun farkon littafin aka fara ƙulla ta.

Dubi yadda aka bi. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa, har magana ta yi nisa. Sai Malam Shaihu, attajirin da haihuwa ta gagara, ya shigo da dukiyarsa ya raba su. Abubakar ya bar gari da ciwo a zuciya, ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Da ya tashi, bai taɓa lafiyar attajirin ba, abin da attajirin ya fi so ya nufa: ɗan da ya daɗe yana roƙo, wato Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu. To, a lokacin da hannunsa ya kai ga uban, mai karatu ya riga ya san asalin komai, Kyauta ne kaɗai bai sani ba. Wannan tazara tsakanin sanin mai karatu da duhun kan tauraro ita ce ke sa gaba ya faɗi. Kana hango ramin, ba ka da ikon cewa "tsaya".

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a nemo baƙon hannu ya zo ya kashe Malam Shaihu ba. Abin da ya shuka da kansa, shi ya tsiro ya ci shi. Ba kuma a bar mu da farin cikin an yi ramuwa ba, domin Abubakar da muka tausaya wa da farko shi ne ya lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi makamancin haka a littafinsa Shaihu Umar: uwa ta sha bauta wajen neman ɗanta, suka haɗu, ba da jimawa ba ta rasu.

Yau kuwa, a labaran da ake saki shafi-shafi ta WhatsApp, sau da yawa idan rikici ya yi ƙamari sai hatsarin mota ya faɗo daga sama, ko wani kawu mai kuɗi da ba a taɓa ambata ba ya ɓullo ya warware komai. Raina yana ɓaci, don akwai masu alƙalami mai kaifi a cikinsu.

Marubuci, kafin ka rubuta babin da za a yi ta ta ƙare, koma babinka na farko ka duba ko ka ajiye dalilinsa a can. In babu, gyara daga nan.