Haƙurin Dole da Haƙurin Zaɓi: Sharhi a Kan "Shaihu Umar" da "Jiki Magayi"

Akwai wata amsa da kusan kowane ɗalibin Hausa ya haddace tun yana sakandare. Da an tambaye shi jigon littafin Shaihu Umar sai ya ce haƙuri, ya kawo karin maganar nan ta mai haƙuri da dafa dutse, ya ajiye alƙalami yana jiran maki. Ni ma haka na yi ta rubutawa, ba a kuwa taɓa kayar da ni a kai ba. Sai a hutun da ya wuce, da na sake karanta littafin ba don jarrabawa ba, na haɗa shi da Jiki Magayi, na ga ashe mun ɗora wa kalma guda kayan da ya fi ƙarfinta. A cikin wannan ɗan sharhi ina so in nuna cewa abin da muke kira haƙuri a littattafan nan biyu ba abu ɗaya ba ne, kuma irin wanda ɗalibi ya fi bukata a zamansa na yau da gobe, watau kamun kai, shi ne wanda aka fi yi mana rowarsa.

Mai karatu ya san asalin littattafan. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Shi kuwa Jiki Magayi, East ne da John Tafida suka rubuta shi tare a wannan tsakanin. Abin lura shi ne, sa'ad da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya ji ƙansa, ya rubuta nasa, bai wuce shekara 22 ba, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Midil ta Bauci ba. Watau tsaranmu ne. Saboda haka in na yi masa ƙorafi a nan, ƙorafin ɗalibi ne ga ɗan'uwansa da ya riga shi yin abin da shi bai yi ba tukuna.

Malamanmu na addini sun kasa haƙuri kashi uku. Akwai haƙuri a kan musiba in ta sauka, akwai haƙurin barin abin da aka hana alhali rai yana so, akwai kuma haƙurin dawwama a kan aikin kirki ko da rai ya gaji da shi. Na farkon, ba kai ka zaɓi lokacinsa ba, zuwa yake yi ya same ka. Biyun ƙarshe su ne suke hannun mutum, su ne kuma ake nufi in an ce wane yana da kamun kai. To, da wannan ma'auni sai mu auna tauraron littafin farko.

Marubuci ya buɗe da Shaihu Umar yana babban malami a Rauta, kusa da Bauci, ya siffanta mana shi da natsuwa da rashin fushi da kau da kai daga abin da ba ruwansa. Sa'an nan wani almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba da labari. Daga nan abin da ya biyo baya duk abubuwa ne da aka yi wa Umar, ba waɗanda Umar ya yi ba. Ubansa ya mutu bai san shi ba. Mijin uwarsa, Makau, fadawan Kagara suka ƙulla masa sharri bayan an komo daga hari, aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, kura ta cinye wanda ya sace shi, wasu suka tsince shi, mahara suka sake kwashe shi zuwa Kano, daga hannun Gumuzu ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa. A duk wannan tafiya, ina wurin da yaron ya tsaya tsakanin hanya biyu ya zaɓi mai wuya? Babu. Ba laifinsa ba ne, yaro ne ƙarami, kuma bawa. Amma fa bawan da aka ɗaura a ayari bai yi gardama ba, ba za a ce ya kame kansa ba, an dai kama shi.

Wurin da ya kamata mu ga kamun kan Umar shi ne Ber Kufa, inda ya yi karatu wajen Shaihu Mas'ud har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu gare shi. Nan ne yaron da aka saya da kuɗi ya zama mutumin da littafi ya ci sunansa. Nan ne kuma marubuci ya fi yin sauri. Shekarun karatun nan duka an naɗe su cikin 'yan layuka, alhali labarin harin bayi da makircin fada da shari'ar alkali sun sami fili sosai. Wanda duk ya zauna makarantar allo ya san abin da aka tsallake. Ya san tashin asuba cikin hunturu, da rubuta allo a biya wa malam, a yi ta maimaitawa har ya zauna, a wanke a sake rubuta na gaba, a koma tilawar na baya don kada ya zube, haka har izu sittin. Bayan sauka kuma ga littattafan ilmi, kowanne a bi shi layi layi a gaban malami. Ya san ranar da kai ba ya ɗaukar kome, da ranar da 'yan'uwa suna wasa kai kana riƙe da allo. Ga yaro baƙo, wanda Larabci ba harshen uwarsa ba ne, lalle abin ya fi haka tsanani. Ko rana guda daga cikin irin waɗannan ranaku ba a nuna mana ba. An nuna mana ɗanyen kaya, an nuna mana dafaffe, ba a bar mu mun leƙa madafi ba.

Wani zai ce ai salon zamanin ke nan, labari ya fi son abin mamaki da tashin hankali, zaman karatu kuwa ba ya sa mai sauraro ya gyara zama. Na yarda da rabin wannan magana. Amma illar abin ga mai karatu ita ce, sai ya tashi da zaton halin kirki irin na Shaihu Umar kyauta ce da ake haihuwar mutum da ita, kamar tsawo ko hasken fata. Wanda bai same ta ba sai ya dangana. Wannan kuwa ya saɓa wa abin da malaman tarbiyya suka koyar. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u don horon rai, inda ya yi jayayya da masu cewa hali ba ya sakewa. Ya kawo misalin mai son iya rubutu mai kyau, wanda dole ya tilasta wa hannunsa kwaikwayon gwanaye, da wuya da ƙyar, har abin ya zame masa jiki. Watau hali aiki ne da aka maimaita har ya daina yi wa mutum nauyi. Littafin da tauraronsa malami ne ya fi kowane cancantar ya nuna wannan.

A nawa ganin, mai kamun kai na gaskiya a littafin nan ita ce mahaifiyar Umar, wadda ba mu cika ba ta ko sakin layi guda a takardun jarrabawa ba. Ita tana da zaɓi. Tana iya zama a ɗakinta ta yi kuka ta ce haka Allah ya ƙaddara, ba kuwa wanda zai zarge ta. Sai ta tashi ta bi sawun ɗanta har Kano, daga can ta yarda ta shiga Sahara da mutumin da ya yi mata alkawarin kai ta gare shi, ya ci amanarta, ta wayi gari baiwa a Murzuk. Ta kai ƙara gaban alƙali ba ta sami gaskiyarta ba. Duk da haka ba ta saki abin da ta fito nema ba, har ta ga ɗanta da idonta, sa'an nan ta cika. Kowace safiya ta shekarun nan sai ta sake zaɓen abin da ta zaɓa jiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ita ce ba ta haƙura ba, in da ma'anar da muka saba ba kalmar ne, watau a sallama a yi shiru. Ɗanta kuwa, wanda muke yabo, ban ga inda ya buɗe baki ya ce wani abu game da sana'ar mutumin da ya saye shi ba, ko da ya girma ya zama malamin da ake jin maganarsa. Ban ce marubuci yana goyon bayan bauta ba, don kuwa duk wanda ya karanta abin da ya sami matar nan ya san inda zuciyarsa take. Na dai ce shirun Umar ba shi ne abin koyi a littafin ba.

Jiki Magayi ya zo da matsalar ta ɗaya gefen. Abubakar yana son Zainabu, ita ma tana sonsa, sai attajiri Malam Shehu, wanda ba shi da ɗa, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar Galma ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. In juriya ake nema, ga ta nan jibge. Ya bar gida da sana'a, ya keta daji, ya sha wuyar da ta sake masa kamanni, bai juya ba. Da irin wannan naci zai sa a neman ilmi ko fatauci, da ya fi Malam Shehu kome. Ya iya hana jikinsa hutu da abinci da kwanciyar hankali shekara da shekaru, abu ɗaya ne ya kasa hana kansa, shi ne bin zuciya. Sakamakon kuwa bai tsaya a kan wanda ya yi masa laifi ba. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya lalace da sata, har ya zama ajalin ubansa ba da saninsa ba. Sa'ad da ya gane tushen abin ya tafi neman Abubakar, mutuwa ta riga shi.

A nan littafin ya fi Shaihu Umar gaskiya game da zuciyar ɗan'adam, ko da yake bai kai shi daɗin Hausa da natsuwar zubi ba. Ya bar mu mun ga mutum yana zaɓe, yana kuma biyan kuɗin zaɓensa da jikinsa. Inda ya gaza shi ne wajen Kyauta. Tun da asiri ne ya mai da shi ɓarawo, to, ba shi da laifi ke nan, ba shi kuma da wani abin da zai yi ya ceci kansa. Sai muka koma gidan jiya: Umar nagari ne don haka aka yi shi, Kyauta ɓatacce ne don haka aka yi masa. Na sha jin wannan irin tunani a ɗakunan kwananmu. In ɗalibi ya faɗi jarrabawa sai a ce hannu aka sa masa, in ya ci a ce ai shi mai ƙwaƙwalwa ne tun asali. Ba mai tambayar ƙarfe nawa yake tashi, ko sa'a nawa waya take ci daga cikin darensa. Ni kaina na taɓa ɗaukar wa raina alkawarin karatun sa'a biyu bayan sallar asuba, na yi kwana tara na bari, na kuma sami dalilai masu kyau ƙwarai da na gaya wa kaina.

A 1974 aka buga laccar A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafta halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Muna yawan ɗauko jerin nan mu auna taurarin littattafai da shi, Shaihu Umar kuwa kullum shi ke cinye maki goma. Amma jerin yana faɗin abin da jama'a ke gani ne a jikin mutum bayan ya gama ginuwa. Bai ce kome ba game da yadda ake ginin, ba kuma aikinsa ke nan ba. Aikin mai ƙaga labari ne, don shi kaɗai ke da izinin shiga ɗaki da tauraronsa a lokacin da ba kowa, ya ga ko zai tashi ko zai ja mayafi.

Shaihu Umar ya yi sa'ar da 'yan'uwansa ba su yi ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Ina fata in ƙungiyarmu ta tashi sa shi a dandali, kamar yadda ake ta shawara, mai tsara wasan zai yi ƙarfin halin ƙara fitowa guda wadda ba ta cikin littafi: Umar yana ɗan shekara goma sha biyu a Ber Kufa, da dare, allo a cinyarsa, ya biya aya sau ashirin ta ƙi zama, barci yana fizgarsa, ba Shaihu Mas'ud a kusa balle ya ji tsoron bulala. Kada a sa masa waƙa, kada a sa mai sanƙira ya yi bayani. A bar 'yan kallo su zauna da shi minti uku ko huɗu, su ga abin da zai yi da allon.