Ali Ya Yi Magana, Kinshasa Ta Yi Amshi: Sharhi Kan Fim Ɗin When We Were Kings

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin 30 ga Oktoba, 1974, mutum kusan 60,000 suna zaune a filin wasa na 20 ga Mayu da ke Kinshasa, suna jiran Muhammad Ali da George Foreman su fito. Babu wanda ya nemi shawarar mutanen garin kafin a sa wannan lokaci. An zaɓe shi ne domin ya dace da daren Amurka, inda masu biyan kuɗi za su kalli damben a manyan majigai. Na kalli fim ɗin When We Were Kings sau uku, kuma a karo na ukun ne na fahimci cewa shi ma agogon Amurka yake bi. A Kinshasa aka ɗauke shi, amma idonsa yana kan mai kallo na New York.

Ga wanda bai san shi ba, fim ne na tarihi, babu ƙage a cikin hotunansa. Leon Gast ne ya ba da umarninsa. Ya je Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau, domin ɗaukar bikin waƙoƙin da aka shirya tare da damben. Sai Foreman ya ji rauni a saman ido wajen atisaye, aka ɗage karawar daga 25 ga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Gast ya tsaya, ya juya kyamararsa kan Ali. Rikicin kuɗi da na haƙƙin mallaka ya sa hotunan suka yi ta zama a ajiye, fim ɗin bai fito ba sai a 1996, bayan shekara 22. A watan Maris na 1997 ya ci kyautar Oscar, Ali da Foreman suka hau dandamali tare, Foreman yana taimaka wa tsohon abokin karawarsa da cutar Parkinson ta riga ta raunana.

Bari in fara da yabo, domin fim ɗin ya cancanta. Ba na jin akwai inda aka kama Ali yana kan ganiyarsa kamar nan. Yana da shekara 32, an ce ya tsufa. Foreman yana da 25, ya yi wasa 40 ba a taɓa doke shi ba, kuma ya gama da Joe Frazier da Ken Norton kowanne a turmi na biyu, alhali su biyun sun taɓa doke Ali. Makusantansa ma tsoro suke ji kada a illata shi. A cikin wannan yanayi kyamara ta same shi yana gudu a gefen hanya yara na binsa, yana yi wa kansa kirari, yana tsokanar 'yan jarida, yana murnar ganin baƙaƙen fata suna tuƙa jirgin sama. Idan ya yi shiru kuwa, sai ka ga fargabar da yake dannewa. Wanda ya san shi a matsayin dattijo mai rawar jiki kaɗai, a nan zai gane dalilin da ya sa iyayenmu suke ambatonsa kamar ɗan gida.

Yadda aka nuna damben kansa ma darasi ne. Marubuci Norman Mailer, wanda yake bakin fili a daren, ya bayyana yadda Ali ya fara da jefa hannun dama kai tsaye a turmin farko, abin da ake ɗauka raini ne ga zakaran duniya. Daga nan Ali ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar Foreman yana ta jibgar haƙarƙarinsa har ƙarfinsa ya ƙare. A turmi na takwas ya fito daga kusurwa ya kai shi ƙasa. Jama'a sun kwana suna rera "Ali, bomaye", wato "Ali, kashe shi" da harshen Lingala. Bahaushen da ya san filin dambe ba ya buƙatar a yi masa bayani, domin mu ma idan ɗan dambe ya kai abokinsa ƙasa, kisa muke cewa ya yi.

To ina matsalar? Waɗannan kalmomi biyu su ne kusan duk abin da mutanen Kinshasa suka faɗa a cikin fim mai tsawon kusan sa'a ɗaya da rabi. Muna ganinsu suna rawa, suna kaɗa ganga, suna gudu a bayan mota, suna daga hannu. Amma idan aka zo wurin zama a kujera a fassara abin da ya faru, sai a ɗauko Mailer da George Plimpton, fararen marubuta biyu daga Amurka, da Thomas Hauser wanda ya rubuta tarihin rayuwar Ali, da darakta Spike Lee. Muryar Afirka ɗaya ce tak aka zaunar, ta ɗan wasan kwaikwayo Malik Bowens. Babu ɗan jaridar garin, babu malamin tarihi daga jami'arsa, babu ko mutum guda daga cikin dubban da suka hana idonsu barci a filin. An yi waɗannan hirarraki ne shekaru da yawa bayan damben, saboda haka ba za a ce lokaci ne ya ƙure ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, duk abin da ka gani a kan allo wani ne ya zaɓe shi daga tarin bayanai, haka ma abin da ba ka gani ba. Mai amfani da manhaja yakan ɗauka allon shi ne duka gaskiyar. Mai kallon fim ɗin tarihi ma haka yake, har ya fi, saboda hotunan na gaske ne. Shi ya sa nake ganin a irin wannan fim, wurin da ya kamata mai sharhi ya sa ido shi ne teburin tacewa. Akwai wurare uku da tacewar When We Were Kings ta yi rashin adalci.

Na farko, Mobutu Sese Seko. Don King ya yi wa kowane ɗan dambe alƙawarin dala miliyan 5 alhali ba shi da su, kuma gwamnatin Mobutu ce ta buɗe ƙofa aka yi wasan a ƙasarta, domin shugaban yana son duniya ta san sunan Zayar da nasa. Fim ɗin bai ɓoye cewa mai mulkin kama-karya ne ba. Ya nuna Patrice Lumumba a taƙaice, sannan Mailer ya ba da labarin yadda aka ce an tattara masu laifi an kashe wasu a ƙarƙashin filin wasan domin garin ya yi lafiya kafin baƙi su iso. Amma an ba da shi ne kamar tatsuniyar ban tsoro da ake ƙawata hira da ita. Tarihin da aka tabbatar yana nan, an tsallake shi. Mobutu ya ƙwace mulki a Nuwamban 1965. A 1966 ya sa aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a a Kinshasa. A 1969 sojojinsa suka buɗe wa ɗaliban jami'a wuta. A ƙarshen 1973 ya ƙwace kasuwancin baƙi ya raba wa na kusa da shi. A shekarar damben ma ya riga ya gwada wanke sunansa da ƙwallon ƙafa: tawagar Zayar ta ci kofin Afirka, ta je gasar cin kofin duniya a Jamus ta Yamma, Yugoslabiya ta zura mata 9 babu ko ɗaya. Damben shi ne gwaji na biyu. Tambayar da ta fi kowace nauyi a labarin ita ce: yaya mutumin da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace masa kambu, ya rasa sama da shekara uku na ƙuruciyarsa saboda aƙida, ya zama babban baƙon mai rataye 'yan adawa? Ba ina cewa Ali ya yi laifi ba. Cewa nake yi fim ɗin da ya ɗauki Ali da muhimmanci zai yi wannan tambaya, wannan kuwa ya kauce mata.

Na biyu, Foreman. Labari yana buƙatar dodo, sai aka ba shi rigar. An nuna shi yana sauka daga jirgi da karensa, irin karen da mutanen garin suka sani a hannun 'yan sandan Beljiyam na zamanin mulkin mallaka. Bowens ya ce da yawa sun zaci Bature ne kafin su gan shi. An nuna shi yana dukan buhun atisaye har ya lotsa. Ali ne ya ƙirƙiro wannan hoto domin ya ja jama'a gefensa, kuma dabara ce ta ɗan dambe, ba a zarginsa. Amma mai fim ya karɓe ta ba tare da bincike ba. Foreman baƙar fata ne da ya tashi cikin talauci a unguwar Fifth Ward ta birnin Houston, wariyar da Ali yake magana a kai shi ma ta taɓa shi. Fim ɗin da jigonsa mutuncin baƙar fata ne bai kamata ya sayi mutuncin wani da na wani ba.

Na uku shi ne ya fi ɓata mini rai. Plimpton ya ba da labarin wani boka da aka ce ya yi hasashen wata mace, wata irin aljana, za ta karya lagon Foreman. Duk lokacin da aka tabo zancen, sai a sako fuskar Miriam Makeba tana waƙa a dandamali, idanu a buɗe, numfashi na fita da ƙarfi. Makeba fa! Matar da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana komawa gida tun 1960, wadda ta tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 ta yi magana a kan zaluncin da ake yi wa mutanenta. A cikin duk waɗanda suka hau dandamalin nan, babu wanda ya biya farashin gwagwarmaya kamar ita, in ban da Ali. Fim ɗin bai gaya wa mai kallo ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya mayar da ita alamar tsafi. Spike Lee ya koka a cikin fim ɗin kan yadda finafinan Hollywood suka koya wa baƙaƙen Amurka ƙyamar Afirka, sai ga shi fim ɗin da yake magana a ciki ya koma ga tsohuwar Afirkar boka da duhu.

Wani zai ce ai fim ɗin na Ali ne, ba na Zayar ba, kuma ba a tambayar makaɗi ya yi adalci. Akwai gaskiya a nan. Ɗan Anace da yake wasa Shago, babu wanda ya zaci zai tsaya ya lissafa kyawawan halayen abokin karawarsa. Amma makaɗi kowa ya san gwaninsa yake yi wa aiki. Fim ɗin tarihi kuwa da sunan shaida yake zuwa, ana nuna shi a makarantu, kuma ga miliyoyin mutane shi ne kaɗai abin da suka sani game da Kinshasa ta 1974. Sunan fim ɗin ma yana cewa akwai lokacin da "mu" muke sarakuna. Su waye "mu" ɗin? Talakan Kinshasa da ke ƙarƙashin Mobutu bai yi sarauta ba ko na dare ɗaya. Shugaban nasa ma bai zo filin ba, a talabijin ya kalla.

Hujjar cewa akwai wata hanyar tana cikin hotunan kansu. A 2008 Jeff Levy-Hinte, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace fim ɗin farko, ya koma cikin tarin ya fitar da Soul Power, a kan bikin waƙoƙin Zaire 74 da Hugh Masekela da Stewart Levine suka shirya. A can babu dattijon da ke zaune yana fassara maka Afirka. Ga James Brown da B.B. King da Bill Withers da Celia Cruz, ga kuma Franco da Tabu Ley Rochereau, manyan mawaƙan ƙasar, a matsayin masu gida. Makeba ma tana can a matsayin kanta, tana magana da jama'a. Kyamarori ɗaya, gari ɗaya, amma hannun da ya tace daban.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya kalli When We Were Kings, domin turmi na takwas ɗin nan ya isa a kwana saboda shi. Ya bi shi da Soul Power. Sannan ya tuna cewa wata biyu bayan an miƙa kyautar Oscar a Los Angeles, a Mayun 1997, Mobutu ya tsere daga Kinshasa, ya mutu a Maroko a watan Satumba. Yaran da muka gani suna gudu a bayan Ali sun yi kusan shekara 23 a ƙarƙashinsa bayan an kashe fitilun filin. Waɗanda ke raye a cikinsu yanzu dattawa ne, kuma fim ɗin bai tambayi ko ɗayansu abin da ya gani a daren ba.