Kiɗan Na'ura da Karin Harshe: Aikin DJ AB

Haruna Abdullahi na Kaduna, watau DJ AB, mawaƙi ne kuma mai haɗa kiɗa da na'ura, shi ne ya fitar da faifan Supa a 2021. Wuyar sana'arsa a fili take. Kalangu yana bin karin harshe, ya hau ya sauka tare da magana, kamar yadda makaɗan Shata suka nuna. Na'ura kuwa bugu kawai ta sani. Gwanintarsa ita ce yakan yanka kiɗa daidai da nauyin gaɓoɓin Hausa, har manomin rake a Makarfi ko Kudan ya ji kowace kalma sarai. Amma inda bugu ya danne kari, ma'ana takan dushe. Da wannan ma'auni ya kamata malamai su auna irin waƙoƙin nan.