Titin da Ba Ya Tsufa

Duk mai shiga Disneyland, wurin shaƙatawar da aka buɗe a Kalifoniya a 1955, sai ya ratsa titin Main Street. An gina shi bisa kamannin ƙananan garuruwan Amurka na wajajen 1900, musamman Marceline, inda Walt Disney ya yi ƙuruciya. Dawaki na jan taragon fasinja, mawaƙa na sanye da tufafin kakanni. Lokacin Kirsimeti akan kafa ƙaton itace mai fitilu, a yayyafo kumfa a madadin dusar ƙanƙara.

Gwaninta ce, babu musu. Sai dai tarihin da ake nunawa wankakke ne: ba taɓo, ba talauci, ba labarin gonar da ciwo ya sa mahaifin Disney ya sayar a garin.

Mu mutanen Damagaram, da sauran tunani. Bikin Zinder Sabuwa na 2018 ya ƙawata tituna, amma zanen bangon Birni da hawan salla a ƙofar fada ba ado ba ne da ake kwashewa bayan biki: magina da mahaya ke riƙe da su. In muka bari sana'arsu ta mutu, wata rana sai mun sayi tikiti kafin mu kalli kanmu.